Ɗan Yatsan da Ya Ƙi Ɗaguwa

Mai girma shugaban taro, kuma shugaban ƙungiyarmu ta manoman alkama, Mista Duane Fossum; masu girma 'yan kwamiti da ke zaune a gefensa; Fasto Linnea Aaker, wadda ta buɗe mana da addu'a; wakilin hukumar gundumarmu da ya yi doguwar tafiya don ya zauna tare da mu; matan coci da tun safe suke tsaye a kan tukwane saboda cikinmu; dattawan da na tarar a wannan ƙungiya, da tsararrakina da muka tsufa tare, da matasan da na sani tun suna rarrafe yau ga su da gonakinsu; jama'ar garin Tangen da kewayensa, maza da mata, ina gaishe ku gaba ɗaya. Barkanku da rana, barkanku kuma da ganin bayan wannan hunturu.

Ina gode wa shugaba da ya ba ni wannan dama bayan an gama rahoton shekara, kafin a buɗe tukwane. Ƙamshin naman nan yana zuwa mini kamar yadda yake zuwa muku, na kuma hango wainar dankalin da aka jera a teburin baya, saboda haka ba zan manta cewa ni ne na tsaya tsakaninku da ita ba. Ina gode wa Fasto, da ta ɗauko ni a motarta ta kuma ɗora keken guragun nan a baya da hannunta. Ina gode wa Verna Lund mai kai wasiƙu, wadda ba don ita ba da sunana yana cikin waɗanda muka tsaya shiru dominsu ɗazu. Ku yi mini afuwa zan yi magana a zaune. Ba raini ba ne, ƙafafun ne suka daina jin maganata.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Elroy Hovland, shekaruna saba'in da ɗaya, gonata tana mil goma sha ɗaya arewa da nan, kuma a gidan da ke cikinta aka haife ni. Shekara talatin da takwas ina zuwa wannan taro, kuma duk abin da na taɓa furtawa a cikinsa bai wuce "na goyi baya" ba, shi ma sau biyu, ɗaya daga ciki ma ban ji abin da ake magana a kai ba. Idan kun ga irina ya nemi a miƙa masa makirufo, ku tabbata tura ta kai shi inda ba ya iya juyawa.

Ba nasiha na zo yi ba, roƙo na zo yi. Akwai wata kotu a Washington da ke riƙe da takarduna na neman diyya, ta ba ni zuwa ƙarshen watan nan, kwana goma sha ɗaya daga yau, in kawo shaida. Idan na kawo, ina da fatan in ƙarasa sauran kwanakina a gidana. Idan ban kawo ba, kafin alkama ta nuna 'yata Marit za ta zo ta kwashe ni zuwa gidan kula da tsofaffi a Oregon, kusa da ita. Shaidar da nake nema kuwa tana cikin ɗakin nan, a zaune a kan kujerun nan. Zan bi maganar daki-daki, don kada ku ce Elroy ya ruɗe.

Magana ta farko, allurar. Kada wanda ya fita daga nan ya ce Elroy Hovland ya ce a daina allurar rigakafin mura. Ban faɗa ba, ba kuma zan faɗa ba. Da yawanku kun ɗauki akwatin gawar matata Dorene shekara takwas da suka wuce, kun kuma san mura ce ta fara kwantar da ita kafin ta sauka a huhunta. Tun daga ranar ban ƙara tsallake allurar ba ko shekara ɗaya. Likitoci sun gaya mini cewa a cikin mutum miliyan da aka yi wa allurar, ɗaya ne ko biyu ke samun abin da na samu, kuma ita murar da kanta ta fi allurar jawo shi. Ni da ban taɓa cin ko kaza a cankar bikin coci ba, sai ga ni na fito ɗaya a cikin miliyan. Ba na jin haushin nas ɗin da ta yi mini, ba na jin haushin wanda ya haɗa maganin, dokar ma ba ta nemi in ji haushin kowa ba. An tanadi wannan diyya ne domin irina, ba tare da an ɗora wa kowa laifi ba.

Magana ta biyu, abin da ya faru da jikina. An yi mini allurar ranar sha biyu ga Oktoba, shekara biyu da wata biyar ke nan. Na koma gida lafiya, na gyara shinge, na kwashe kayan lambu, na sa wa tagogi leda saboda sanyi. Ranar sha huɗu ga Nuwamba na farka na ji tafin ƙafafuna suna tsikari kamar na zauna a kansu. Na ce takalmi ne ya matse. Kwana biyu bayan haka hannuwa suka ɗauka, na ce tsufa ne. Daga nan matakalar ƙofar gida ta fara yi mini tsawo, cokali ya fara yi mini nauyi, na ce sanyi ne ya shiga ƙashi. Na yi ta ba wa abin suna, kowane suna kuma na zaɓi wanda ba zai sa in dami kowa ba. Ranar talatin ga Nuwamba da safe na miƙe zan ɗora ruwan kofi, sai na ga kaina a ƙasa, tsakanin murhu da tebur. Waya tana rataye a bango, taku uku daga inda nake, amma da a ce tana Oregon ma duk ɗaya ne. Washegari Verna ta tarar da wasiƙun jiya a akwati ban ɗauka ba, ta juyo da motarta ta shigo.

Sauran kun ji shi a gari. Mako biyar ina kan na'urar numfashi, wata huɗu ina asibiti ana koya mini riƙe cokali. Ciwon yana da suna, sunan wasu likitocin Faransa ne guda biyu, Giyan-Bare ko wani abu mai kama da haka, har yau harshena bai daidaita a kansa ba. Abin da na fahimta shi ne jiki ne ke rikicewa ya koma yana cin jijiyoyin da ke kai saƙo daga kai zuwa gaɓoɓi. Kai yana ba da umarni, saƙo ba ya isa. Wasu suna warkewa sarai. Ni dai ga inda na tsaya, taku goma sha biyar da sandar nan mai ƙafa huɗu, sannan in nemi kujera.

Magana ta uku, kotu da ƙidayar kwanaki, kuma a nan ne na haƙa wa kaina rami da bakina. Doka ta ce idan ciwon ya fara tsakanin kwana uku zuwa kwana arba'in da biyu bayan allura, kotu za ta ɗauka allurar ce, ba sai an yi ta ja-in-ja ba. Idan ya wuce haka, sai ka kawo manyan likitoci su yi ta gardama da wasu manyan likitoci, lauyata kuma ta ce a irin nawa wannan hanya ba ta da tabbas. Kwana na arba'in da biyu ya faɗo ranar ashirin da uku ga Nuwamba. Nawa ciwon ya fara ranar sha huɗu, yana ciki da kwana tara cif. To me ya kawo gardama?

Ranar ashirin ga Nuwamba na je ƙaramin asibiti awon jini, wanda aka daɗe da sa mini rana. Na shiga ina bin bango, amma na jira sai da nas ta juya baya kafin na zauna. Ta ce, "Mista Hovland, yaya jikin?" Ku gaya mini, jama'a, me ɗan garin nan yake cewa idan an tambaye shi yaya jiki? Na ce, "Ba laifi." Mu nan mutum zai fito daga ƙarƙashin tarakta da haƙarƙari uku a karye, ka tambaye shi, ya ce ba laifi. Mahaifina da ƙanƙara ta kwantar masa da alkamar shekara ɗungurungum, ya tsaya a bakin gona ya duba, ya ce an ga abin da ya fi wannan. Haka aka raine mu, haka muka raini 'ya'yanmu, muna kuma alfahari da shi. Ita kuwa baiwar Allah ta rubuta abin da ta ji: majiyyaci ba ya ƙorafin komai.

Ban tsaya nan ba. Da aka kai ni babban asibiti, wani matashin likita ya sunkuyo ya ce, "Yaushe abin ya fara?" Na ce, "An kwana biyu." Kun san kwana biyunmu. Idan na ce na kwana biyu ban je birnin Minot ba, yana iya zama wata shida. Shi kuwa yaron ba ɗan nan ba ne, ya ɗauki alƙalami ya ƙirga ɗaya, biyu, ya rubuta ashirin da tara ga Nuwamba. Kwana na arba'in da takwas ke nan, ya haura layi da kwana shida. Yanzu likitan gwamnati yana zaune a Washington da takardu biyu a gabansa, ɗaya ta ce ranar ashirin lafiyata ƙalau, ɗaya ta ce ranar ashirin da tara abin ya fara, kuma duka biyun daga bakina suka fito. Ban ga laifinsa ba. Da ni ne shi, abin da zan gaskata ke nan.

Magana ta huɗu ita ce tambayar da ta hana ni sakat. Lauyata sunanta Renata Kolb, daga Minneapolis take, mace ce mai saurin magana da saurin tafiya, ko kofi a tsaye take sha. Ta ce alƙali mutum ne mai adalci, yakan saurari shaidar mutanen da suka ga majiyyaci da idonsu, idan maganarsu tana da rana da wuri. Ta turo mini farar takarda ta ce, "Mista Hovland, rubuta mini sunan mutum uku da suka gan ka tsakanin sha huɗu da ashirin da uku ga Nuwamba. Ba sai aminai ba, duk wanda ya gan ka."

Na zauna da takardar nan a teburin kicin tun daga karin kumallo har rana ta karkata. Wa ya gan ni? Shanuna na sayar da su tun bayan rasuwar Dorene, gonar na ba da haya, ba wanda ke da dalilin shigowa. Verna akwatin wasiƙa take gani, ba ni ba. Marit muna waya duk Lahadi, ita ma ba laifi na ce mata. Coci ina zuwa, amma a kujerar baya nake zama, in sulale kafin a zauna shan kofi, domin Dorene ce mai hira, ni dama rakiya nake yi, da ta tafi sai na rasa inda zan sa hannuwana a cikin mutane. Wa ya gan ni? Karena ya gan ni, shi kuwa ba a rantsar da shi. Shekara saba'in a gari ɗaya, kaburburan iyayena da kakannina suna bayan cocin can, amma kwana goma aka ce in kawo mutum uku na kasa. Ba zan ɓoye muku ba, ranar na yi kuka, kuma ko a kan na'urar numfashi ban yi ba. Na mayar wa lauya da takardar yadda ta zo.

Ba ta haƙura ba. Ta ce in ba ta labarin kwanakin nan goma ɗaya bayan ɗaya, har abin da na ci. Da muka zo ranar sha takwas na ce ba komai, ranar jana'izar Malama Inga Myhre ce, ban ma samu zuwa ba. Ta ce me ya hana. Wannan ita ce magana ta biyar, kuma ina roƙon ku saurare ta da kyau.

Malama Inga ta koya wa rabin ɗakin nan karatu, har da ni, ta kuma doke ni da rula sau ba adadi, duk da dalili. Ba jana'izar da mutum zai ƙi zuwa ba ce. Na tashi da wuri, na ɗauko farar rigata. Minti arba'in ina fama da maɓallai, na sa biyu, na ukun ya gagara, yatsun sun zama kamar ba nawa ba. Kunya ta hana ni shiga coci da ƙirji a buɗe, sai na ɗora tsohuwar rigar aikina a sama na ce zan raɓe a baya. Na yi mil biyar, na zo gangaren gadar rafi, na taka birki, ban ji shi a ƙafata ba. Motar ta tsaya, amma ban san yadda aka yi ta tsaya ba. Tsoro ya kama ni, na ce kada in je in tura wani cikin rami a ƙofar coci. Na juya na nufi gida, a hankali, hannu biyu a kan sitiyari.

A nan ne na hango mota tana tahowa. Ba zan kama sunan kowa ba, sai dai a-kori-kura ce shuɗiya, mai ita kuma gonarsa ce gabas da tawa, tare muka shiga aji ɗaya wurin Malama Inga, shi ne kuma ya tsaya mini ranar aurena. Kun san gaisuwarmu ta hanya. Ba ma ɗaga hannu kamar 'yan siyasa, ba ma danna ham kamar mutanen birni. Hannu yana kan sitiyari, ka ɗaga ɗan yatsa guda, shi ke nan, ka ce na gan ka, ka ce muna nan, ka ce ba komai tsakaninmu. Baƙo ma ana ɗaga masa, wanda kuke shari'ar iyakar gona da shi ma ana ɗaga masa. Shekara hamsin ni da mutumin nan ba mu taɓa giftawa ba tare da shi ba. Na ga nasa ya tashi, na ga matarsa ta ɗago hannu daga cinyarta. Na ce wa nawa tashi. Ina kallonsa, na sake ce masa tashi. Yana nan kwance a kan sitiyari. Muka wuce juna, ni cikin rigar aiki, na ba wa jana'iza baya, motata tana cin gefen hanya, ban kuma gaishe shi ba.

Lauya ta ajiye alƙalami ta ce, "Ranar nawa ka ce?" Na ce sha takwas, in ba ta yarda ba ta je coci, yana rubuce a littafin jana'iza. Ta ce kwana na talatin da bakwai ke nan. Ta ce, "Wannan mutumin ya ga ciwonka, Mista Hovland, bai dai san shi ya gani ba."

Ta zo garin nan a watan Janairu, da yawanku kun gan ta, mai jar hular nan da ta faɗa cikin dusar ƙanƙara a gaban gidan waya. Kwana uku ta yi tana bin gidaje. Ta ce ba ta taɓa shan kofi da cin biredi mai zaƙi irin na kwana ukun nan ba, kowa ya zaunar da ita, kowa ya tambaye ta yaya Elroy, kowa ya ce mutumin kirki ne, Allah ya ba shi lafiya. Da ta tambayi ranar sha takwas, sai kowa ya duba cikin kofinsa ya ce an daɗe. Ta ce mini, "Garinku ba wanda ya yi mini ƙarya, amma ba wanda ya gaya mini komai." Sai ranar da za ta tafi wata dattijuwa ta biyo ta har mota, ta riƙe ƙofa, ta ce kada a ce ita ta faɗa, amma a wurin cin abincin bayan jana'iza, a ɗakin taron da ke ƙasan coci, an yi maganar Elroy, an kuma daɗe ana yi.

Na san abin da aka ce, ku daina sunkuyar da kai. An ce Elroy ya fara girman kai tun da ya ba da gonarsa haya. An ce ya wuce maƙwabcinsa ko yatsa bai ɗaga ba. Wani ya ce ai ba girman kai ba ne, kwalba ce, domin ya gan ni ranar Juma'a a ƙofar kanti ina tafiya ina ware ƙafa kamar wanda ya sauka daga kan doki. Wata ta ce makullaina sun faɗi sau biyu a gidan waya na kasa tsince su, har sai da ta tsinta mini. Wani ya ce haka zaman kaɗaici yake yi wa namiji. Daga baya, da aka ji ina kan na'urar numfashi, kowa ya haɗiye maganarsa, kunya ta rufe gari. Kun aiko da katin gaisuwa mai hannu sittin da uku, na ƙirga. Kun cika mini firji da abinci. Shi kuwa mai shuɗiyar mota, hunturu biyu ke nan duk sanda dusar ƙanƙara ta sauka sai in ji ƙarar taraktarsa yana share mini hanya tun daga titi har ƙofa. Bai taɓa ƙwanƙwasawa ba. Ni kuma kafin in ja sandar nan in kai ƙofa, ya juya. Ta taga nake ganin bayan hularsa.

Jama'a, abin da kuke jin kunyarsa shi ne abin da nake nema. Tafiyar da kuka ce ta mashayi ce, ita ce ciwon. Makullan da suka faɗi, su ne ciwon. Yatsan da bai tashi ba, shi ne ciwon. Kun gani da idonku, kun faɗa da bakinku, a ranar da ba wanda zai iya musunta. Fassarar ce kawai kuka kuskure, kuma wa zai zarge ku, tun da ni mai jikin ma takalmi na ɗora wa laifi? Alƙali ba ya son ku ce ni mutumin kirki ne, wannan ba zai amfane ni da komai ba. So yake ku ce: ranar kaza, a wuri kaza, na ga Elroy Hovland yana kaza, har na zaci ya sha. Ku rubuta har da zaton, domin shi ne zai nuna masa ba shiri muka yi ba. Kada kuma wanda bai gani ba ya rubuta don tausayi. Rantsuwa ce, na fi son ɗakin Oregon da a ce wani ya yi ƙarya saboda ni.

Kada ku ɗauka Marit muguwa ce. Ta ce mini, "Baba, ba za ka ƙara yin hunturu kai kaɗai a gidan nan ba, ba zan jira wata mai wasiƙa ta sake tsintar ka ba." Gaskiyarta ce. Idan kotu ta amince, za a sami mai zuwa kullum ta taimaka mini da wanka da girki, a gyara ƙofa da banɗaki yadda keke zai shiga, a kan haka muka yi alkawari da ita zan zauna. Idan ba haka ba, ta turo mini hoton ɗakin. Yana da tsabta, yana hawa na uku, tagarsa tana kallon wurin ajiye motoci. Ta ce akwai mutane da yawa a can, ba zan rasa abokin hira ba. Mai yiwuwa ne. Amma ba ko ɗaya a cikinsu da ya san Dorene, ba wanda ya san inda rafinmu yake cika a watan Afrilu, ni kuma na tsufa da fara ba da labarin kaina daga farko.

Ga matasa kuma, ku ɗauki wannan kyauta. Idan likita ya tambaye ku, ba gaisuwa yake yi ba, rubutawa yake yi. Ku faɗi inda ke ciwo, ku faɗi ranar da ya fara da lambarta. Wanda irin wannan ya same shi, shekara uku doka ta ba shi daga ranar da ya fara jin alama, kada ya zauna yana cewa ba ya son damun mutane.

Saura magana ɗaya, ita ce mafi wuyar faɗa. Ranar da lauya ta kira ni ta gaya mini abin da aka ce a ƙasan coci, ta yi ta zagaye-zagaye, tana tsoron raina zai ɓaci. Ta karanta mini ɗaya bayan ɗaya, girman kai, kwalba, makullai. Da ta gama ta ce in yi haƙuri. Allah ne shaidata, ban ji haushi ba. Daɗi na ji. Na ajiye wayar na zauna ina murmushi ni kaɗai kamar wawa. Ashe an gan ni. Ashe a kwanakin nan goma da na ɗauka ko ɓacewa na yi ba wanda zai sani, akwai mutanen da suka lura da yadda nake taka ƙasa, akwai wanda rashin gaisuwata ya yi wa ciwo har ya kasa yin shiru. Tun rasuwar matata ba a ba ni labarin da ya faranta mini rai kamar gulmar nan ba. Saboda haka babu abin yafewa, amma idan akwai wanda ba zai sami natsuwa ba sai ya ji kalmar, to na yafe, a gaban Fasto da gaban kowa.

A ɗakin karatun da ke bayan zauren nan an ajiye tebur da takardu, ma'aikaciyar banki mai hatimin rantsuwa ta yarda za ta zauna har ƙarfe biyar. Na san ku, domin ni ma ɗayanku ne. Muddin ina zaune a nan ina kallon ƙofar can, ba wanda zai iya tashi ya shige ta. Don haka na roƙi Fasto ta mayar da ni gida da zarar na gama. Wannan ne karo na farko cikin shekara biyu da na zauna a cikin jama'a haka, na kuma so ƙwarai in ci abincin nan tare da ku, amma idan na zauna kunya za ta cinye mini shaidu. Ku ci, ku yi hira, wanda ya ga dama ya zagaya ta baya. Ba zan tambayi wa ya shiga ba. Zan je in zauna kusa da waya.

Allah ya albarkaci wannan ƙungiya da shugabanninta. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye alkamarmu daga ƙanƙara da fari, ya kiyaye masu hawa tarakta da masu bin hanya. Allah ya saka wa masu jinya da masu girki da masu kai wasiƙu. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Waɗanda kuma za su koma yau su buɗe ƙofa ba mai ce musu sannu da zuwa, mun fi yadda kuke zato yawa a ɗakin nan, Ubangiji ya zauna tare da mu. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, ya kuma bar kowa a gidansa. Amin.

Fasto, a shirye nake. Jama'a, na gode.